Tarin da Na Ba Rediyo Aro

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe goma na safe

Yau na sha kunya a cikin shagona, kuma ba wanda ya ja mini sai bakina.

Wani tsoho mai gadi ya kawo rediyonsa, wai wata uku ke nan bai ce uffan ba. Na kwance bayansa, na ga waya ɗaya ce ta saki, na ɗiga mata dalma, na kunna sigari ina jira ta huce, sannan na murɗa. Abin da rediyon nan ya fara faɗa bayan wata uku yana bebe shi ne tarina. Nawa na kaina, mai hawa uku, da 'yar shaƙewar nan ta ƙarshe kamar an taka kwaɗo. Sai muryar 'yata ta biyo baya: "Shekara talatin aka yi ana gina wannan tarin, kara bayan kara. Kai naka ginin ya kai ina? Ajiye sigari yau."

Tsohon ya dubi rediyo, ya dubi abin da ke hannuna. Ni kuma don in nuna ba ruwana, na buɗe baki zan faɗi kuɗin gyara, sai tarin ya riga ni fitowa, hawa uku cif.

Ya ce, "Malam, rediyo dai ya gyaru. Saura kai."

Bari in rubuta yadda aka yi, don kada gobe in ɗora wa wani laifi. Babbar 'yata, wadda nake kira Manaja tun tana aji biyu saboda yadda take tsara mu a gida, tana aiki a ƙaramin gidan rediyon da ke bayan tashar mota. Wata ƙungiyar lafiya ta ba su ɗan kuɗi su yi sanarwar hana shan sigari ta mako shida. Ta zo gida da gwajin farko ta kunna mana. Sun ɗauko wani ɗan wasan kwaikwayo yana ta "ƙuhum, ƙuhum". Na ce, "Wannan tari ne, ko kyanwa ce ta shaƙi ƙura? Har biyansa kuka yi? Ni zan yi muku wanda ya fi wannan, kyauta." Wasa nake. Manaja ba ta san wasa ba. Ta zaro na'urar ɗaukar murya daga jaka ta kara mini a baki. Sau ɗaya aka ɗauka. Washegari ta ce injiniyansu ya ce bai taɓa samun kaya mai kyau haka ba. Wallahi har daɗi na ji. Ni da na bar makaranta a aji biyar, yau ga abin da na fi ɗan wasa iyawa.

Ta yi alkawarin ba za a faɗi sunana ba, kuma ba a faɗa ba. Ni ne na manta cewa duk layin nan da tarina suke sanin na buɗe shago.

Laraba, 5 ga wata, da tsakar rana

Sau biyar a rana ake sa shi. Ni kuma aikina ne in kunna rediyo in ji ko ya gyaru. Yanzu sai na duba agogo kafin in murɗa, kamar mai shirin tsallaka titi.

Tela maƙwabcina ne kuma abokin shan sigarina. Shekara ashirin da biyu muna zama da rana kan bencin bayan shaguna, mai ƙafa uku da bulo ɗaya. Yau ya ƙure muryar rediyonsa ya leƙo: "Injiniya, fito ga ka a rediyo! Yaushe kashi na biyu zai fito?" Mai walda ya ce zai ɗauka a wayarsa ya riƙa tashinsa daga barci.

Mai kanti kaɗai bai yi dariya ba, shi ke sayar mana kara-kara. Ya ce, "Kana saye a wurina, kana kashe mini kasuwa." Na ce ai ni ne shaidar cewa kayansa suna aiki.

Asabar, 8 ga wata, bayan abincin yamma

Na tambayi Manaja nawa aka kashe a kan wannan tozarcin nawa. Ta ce duka kuɗin, da na ɗauka da na sawa a iska, ba zai riƙe mutum biyu a ɗakin masu ciwon ƙirji na wata biyu ba. Ta ce, "Baba, likita mutum ɗaya yake gani a lokaci ɗaya. Rediyo kuwa da kuɗin daƙiƙa arba'in zai shiga kowane shago, kowace mota."

Ta ce ƙungiyar za ta turo masu tambayoyi su zaga gari su ji su wa suka ji sanarwar, su wa suka daina. Sai a raba kuɗin da yawan waɗanda suka daina. Idan kan mutum ya yi arha, za a ƙara musu shekara guda, har a kai wasu tashoshi uku. Idan ya yi tsada, kuɗin ya koma wani wuri, ita kuma kwantiraginta ya ƙare da shirin.

Na ce, "To kan mutum nawa kuke fata?"

Ta ce, "In an yi sa'a, ba zai kai kuɗin sigarinka na mako ɗaya ba."

Matata, wadda nake kira Gwamnati don ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncinta, tana kwashe kwanuka ta ce, "Sun tara kuɗi su gaya wa duniya abin da na yi shekara ashirin da takwas ina gaya wa mutum ɗaya kyauta."

Na ce shi ya sa bai ji ba, ai kyauta ne. Na yi dariya, dariyar ta juye tari, suka tsaya suna jira in gama. Ba na son yadda suke jira ɗin nan.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe sha ɗaya

Sista ta zo. Tsohuwar nas ce, ta yi ritaya, tana da rediyo mai jikin katako wanda nake lallaɓa wa rai shekara da shekaru. Ina cikin canza masa sifika na yi tarina na gaske. Ta sauke tabarau.

"Ashe kai ne."

Na ce, "Sista, kar ki nemi sa hannuna, ban zo da biro ba."

"Tun yaushe ya koma haka? Da ba haka yake ba."

Na ce ban riƙe kwanan wata ba.

"Kana ganin wani abu a hankici?"

Na ce hankicina baƙi ne, ba ya tona asiri. Ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni yaushe na fara sayen baƙi. Sannan ta yagi bayan kwalin batir ta rubuta mini ɗakin da zan je a babban asibiti a ɗauki hoton ƙirji. Ta ce shekara sha tara ta yi a ɗakin nan, ta san muryoyin tari kamar yadda na san muryoyin sifika.

Na sa kwalin ƙarƙashin gwangwanin kusoshi.

Alhamis, 13 ga wata, da yamma

Ban je ba. Aiki ya yi yawa, rediyo har biyu.

Juma'a, 14 ga wata, da la'asar

Na je. Na ce wa Gwamnati zan sayo kayan gyara.

Benci dogo, mu wajen ashirin, kowa riƙe da kati. Mai ba da kati yana da ɗan rediyo a kan tebur, eriyarsa a karye an ɗaure da waya, aikin wani maras imani. Ƙarfe sha biyu aka sa ni. Wani na kusa da ni ya ce, "Kai, wannan bawan Allah ai ya gama." Na riƙe numfashi daƙiƙa arba'in don kada a gane ni. Ban san daƙiƙa arba'in tana da tsawo haka ba.

An ɗauki hoton. An ce in dawo Laraba.

Litinin, 17 ga wata, da hantsi

Masu tambayoyi sun iso layinmu, mace da namiji, da riguna iri ɗaya. Ina hango su na cusa karan da ke hannuna cikin aljihun tebur, cikin tsofaffin wayoyi.

Macen ta ce ba za a rubuta suna ba, sai shekaru da sana'a. Na ji sanarwar? Na ce na ji ta fiye da kowa. Me na tuna a ciki? Na ce tarin, gwani ne. Ina shan sigari? Na ce da. Yaushe na daina? Na ce mako biyu ke nan. Saboda sanarwar? Na ce saboda ita kaɗai.

Namijin ya shinshina ya ce kamar wani abu yana ƙonewa. Na ce dalma ce, haka take.

Ba wanda ya sa ni. Na tuna kwantiragin Manaja ne, na ce uban da bai iya biya mata babbar makaranta ba ai zai iya ba ta mutum ɗaya a takarda. Bayan sun tafi na tarar karan ya huda leda ya narkar da wayoyi uku. Na ƙarasa shi, don kada a yi asara biyu.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe uku

Likitan matashi ne, takalminsa fari ƙal, ban san yadda yake yi da ƙasan asibitin nan ba. Igiyar na hagu ta fi ta dama tsawo. Na daɗe ina kallon takalmin nan, don shi ma ya daɗe yana kallon hoton.

Ya juyo da allon ya nuna mini wani wuri da bayan biro. Na ce ko yatsan mai ɗaukar hoto ne. Ya ce a'a.

Za su zura wani abu ta maƙogwaro su ɗebo ɗan kaɗan a aika a duba. Alhamis ta sama. Ya ce in zo da wani nawa. Na ce duk nawa ma'aikata ne.

Lahadi, 23 ga wata, da safe

Gwamnati ta ce na rame. Na ce wandon ne ya yi ƙiba.

Talata, 25 ga wata, da tsakar rana

Sama da mako ke nan ina zama ni kaɗai a bencin baya. Yau na shiga shagon Tela na ce, "Kai, gaba muke ne?" Na same shi yana tauna guntun zare kamar akuya.

Ya ce, "Na bari, Injiniya. Yau kwana tara."

Na ce, "Kai? Saboda 'yar sanarwar nan?"

Ya tsayar da keke. Ya ce, "Shekara ashirin da biyu kana tarin nan a gefen kunnena ban taɓa jin sa ba. Tarinka ne, kamar hularka. Ranar da ya fito ta sifika, ba fuskarka, ba barkwancinka, ina ɗinka wa jikata rigar makaranta, sai na ji tsoro ya kama ni. Na ce mai wannan tarin ba lafiya ba. Sannan na tuna na san shi."

Na nemi abin dariyar da zan faɗa, ban samu ba. Ban saba ba.

Na fi kowa sanin abin da ke cikin rediyo: maganaɗisu ne da takarda da 'yan wayoyi. Duk da haka mutum zai ƙi jin matarsa, ya ƙi jin ƙirjinsa, akwati ya yi magana ya ji. Wataƙila don akwati ba ya kallonka, ba sai ka kare kanka ba. Mai walda ma an ce ya rage zuwa uku a rana. Mai kanti ya daina amsa gaisuwata. Ashe abin yana aiki a kan kowa, sai mai tarin.

Na gaya wa Tela zancen Alhamis. Bai tambaye ni komai ba. Ya ce ƙarfe nawa.

Alhamis, 27 ga wata, da yamma

An yi. Maƙogwaro kamar an goge shi da sanfefa. Sun ce kwana goma. Tela ya riƙe mini hula.

Asabar, 29 ga wata, bayan la'asar

Manaja ta shigo gida tana rawa da takarda a hannu. Mutum ɗari huɗu masu shan sigari aka tambaya, talatin da ɗaya sun ce sun daina. Ta ce da kyar suka tsallake layin da ƙungiyar ta ja, amma sun tsallake.

Na ce, "Talatin da ɗaya kacal? Duk wannan tarin?"

Ta ce, "Baba, ba haka ake lissafin ba. Ba za a iya tambayar kowa ba. Duk mutum ɗaya da aka tambaya yana tsaye ne a madadin mutum ɗari uku a gari."

Na sa ta ta maimaita. Lissafina na aji biyar ne, amma wannan ya shiga. Ni a zatona ƙarya ɗaya na yi, 'yar ƙarama, ta uba. Ashe ɗari uku na yi a zama ɗaya, ko ɗan siyasa sai ya huta a tsakani.

Tana ta kallona tana murmushi, kamar akwai abin da take jira in faɗa. Na ce Allah ya sa albarka, na fita duba ko na kulle shago.

Litinin, 31 ga wata, da rana

Ban san ta inda zan fara ba.

Ina bencin baya, na kai rabin kara, sai ga Manaja ta zagayo da leda a hannu. Ba ta taɓa zuwa shago a ranar aiki ba. Ta tsaya. Ni ma hannuna ya tsaya a hanya, bai kai baki ba, bai sauka ba.

Ta ce, "Na ga layin a takardar. Mai gyaran rediyo, shekara hamsin da huɗu, ya daina. Masu gyaran rediyo nawa suka rage a unguwar nan, Baba?"

Na ce, "Ɗaya, shi ma ba shi da inganci."

"Kwana biyu ina jira ka gaya mini da bakinka. Har Mama na ce wa ta yi shiru, kana so ka ba mu mamaki." A ledar sabuwar riga ce. Ta ajiye ta a kan benci.

Na ce don ke na yi. Ta ce, "Don ni? Gobe zan gaya musu su cire layin."

"Ke da kika ce da kyar kuka tsallake?"

"Ko za mu faɗi. Da wannan lissafin za a kai kuɗi wasu garuruwa, Baba. In ƙarya ce a ciki, wani wuri aka hana."

Ni na haife ta, amma ban san inda ta samo wannan ba. Ba daga wurina ba dai.

Ta juya za ta tafi. Ban shirya ba, hannuna ne ya shiga aljihu ya fito da katin asibiti. Ta karanta gaba, ta karanta baya inda ba a rubuta komai ba. Ta zauna, bencin ya karkata, muka gyara bulo tare.

Ta ce, "Sau nawa kake zaton na saurari tarin nan da abin saurare a kunne lokacin da muke haɗa shi? Ya fi sau ɗari. Akwai wani sauti a ƙarshensa da na yanke, ban bari ya fita ba. Na rasa yadda zan yi maka magana ba ka mai da ita wasa ba. Na ce ko in ka ji shi daga waje za ka ji."

Na ce na ji, jinkirin isowa ne, eriyata a karye take. Ta ce, "Baba, don Allah."

Karan ya cinye kansa a hannuna. Ban kunna wani ba.

Laraba, 2 ga sabon wata, da safe

Gwamnati ta sani. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta kwashe baƙaƙen hankici ta kawo farare guda uku, ta ce daga yau tana so ta riƙa gani.

Alhamis, 3 ga wata, da yamma

Manaja ta gaya musu. Ta ce shugabar ƙungiyar ta ce ba a taɓa kawo mata ƙarar uba ba. Ba su cire layin ba, sun sa masa alama. Dama bayan wata uku za su koma wurin duk waɗanda suka ce sun daina, da wata na'ura da ake hurawa, tana gane wanda ya sha. An ƙara wa shirin wata uku zuwa ranar. Maganar shekara guda sai abin da na'ura ta ce.

Kwana uku ban sha ba. Hannuna yana rawa, na ɗiga dalma a babban yatsa. Na yi wa wani mai rediyo tsawa don ya ce "sannu". Tela ya miƙo mini zare ta taga. Ba daɗi, amma ana taunawa.

Asabar, 5 ga wata, da tsakar rana

Na tsaya gaban kanti minti biyar. Mai kanti ya dube ni, ya ce, "Wuce, Injiniya. Sun ƙare." Ina ganin kwalayen a bayansa.

Litinin, 7 ga wata, ƙarfe huɗu

Mu uku muka je. Gwamnati a dama, Manaja a hagu da littafi da biro, kamar an kama ɓarawo.

Likita ya faɗi sunan abin. Manaja ta rubuta, don haka ba sai na rubuta ba. Ya yi bayani mai tsawo, su suka yi tambayoyi. Za a fara magani ranar Laraba. Ya ce an yi sa'a da aka zo yanzu, bai ce sa'ar ta kai nawa ba.

Da ya ce ko ina da tambaya, na ce ɗaya ce. Nan da wata uku akwai wata na'ura da zan hura, zan samu iskar hurawa? Ya dubi Manaja, ta yi masa bayani a taƙaice. Ya ce, "Baba, ka zo Laraba tukuna."

A hanyar dawowa an sa ni a rediyon mota. Direba ya kai hannu zai canza tasha, Gwamnati ta ce ya bari.

Na manna takarda a ƙofar shago cewa ranar Laraba ba gyara. Sauran ranaku ina nan, in mai rediyo zai yi haƙuri da rawar hannu.

Mutum ɗari uku na rantse a madadinsu cewa sun daina, ban san fuskar ko ɗaya ba, kuma duk suna bi na bashi. Ba a biyan wannan da kuɗi, ba wanda zai biya mini. Kwana-kwana ake biya, kuma sai mutum yana nan. Na biya bakwai. Ranar da matar nan mai tambayoyi za ta dawo, ina so ta same ni a kan kujerata, ta sake karanto tambayar, in ba ta amsar da na riga na ba ta.